Sharhi kan mahaɗi mai raba nauyi, bayan wata takwas ina jan tsohuwar tirelar kwana da shi

Wata takwas ke nan da na sayi mahaɗi mai raba nauyi, irin mai sandunan sifirin guda biyu, na ɗaura shi tsakanin a-kori-kurata da tsohuwar tirelar kwana da na shafe shekara biyu ina gyarawa. Ya yi mini aiki, kuma da zai ɓace yau, gobe zan nemo wani. Sai dai matsalar da ta kai ni sayensa tun farko ba shi ya kawar da ita ba, kuma sai na ba da labarin gyaran tirelar kafin a gane dalili.

In na ce tirela, kada a ɗauka babbar motar ɗaukar kaya nake nufi. Ɗaki ne a kan taya, mai gado da wurin girki da tankin ruwa, ainihin tafi-da-gidanka. Tawa ƙirar 1978 ce, aksul ɗaya, firam ɗinta katako ne aka lulluɓe da fallen alminiyam. Irin wannan ƙira ruwa ne ajalinta. Yana shiga ta gefen taga da mahaɗar rufi, ya bi bango ya sauka ƙasa, ya yi ta cin katako shekara da shekaru ba wanda ya gani, domin alminiyam ɗin waje yana nan fes. Ranar da na ɓamɓare bangon baya, da yatsa nake murmushe katakon. Na cire tagogin duka, na kankare tsohon danƙon da ya bushe, na mayar da su da sabon tef ɗin danƙo mai laushi da ba ya ƙanƙarewa. Na sauya rabin daɓen. Tayoyin kuwa zanensu bai ci ba, amma da na duba lambar lokacin ƙira da ke ƙarshen rubutun DOT na gefen taya sai na ga alƙaluma uku ne. Tun shekarar 2000 alƙaluma huɗu ake sawa, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato tayoyin nan sun haura shekara ashirin. Na zubar da su. Boris sabo, giris sabo, birkin lantarki sabo, da sabuwar waya mai baki bakwai da ke haɗa lantarkin tirela da na mota. Wannan ɓangaren duk ya tafi daidai.

Inda na yi kuskure shi ne wajen tsara ciki. Ina son faɗin wuri a gaba, inda teburi yake, don haka na mayar da tankin ruwa mai cin lita 100 can ƙarƙashin gadon baya, na ajiye batir biyu kusa da shi. A ido abin ya yi kyau ƙwarai. Ban tsaya na yi lissafin cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce ba, kuma batir biyun nan sun haura kilo 50, duk na tara su a bayan aksul.

Fitarmu ta farko, ina tafiya wajen kilomita 85 a awa, wata babbar mota ta wuce mu. Iskarta ta ture tirelar gefe, ta dawo, ta sake tafiya, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi, har na ji bayan motata yana bin ta. Iyalina suna cikin motar tare da ni. Abin da ya cece mu, bayan kiyayewar Allah, shi ne na riga na karanta cewa a irin wannan hali ba a danna birkin mota kuma ba a kokawa da sitiyari. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, na matsa maɓallin hannu na na'urar birkin tirela, ita kaɗai ta ja birki, ta miƙe a bayanmu. Na sauka gefen hanya hannuna yana rawa. A makon nan na sayi mahaɗin, domin a jikin kwalinsa an rubuta cewa yana hana tangaɗi.

Ga yadda yake aiki. In ka ɗora wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta da ake jan ta da shi, a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, nauyin yana sauka ne a bayan tayoyin baya, sai bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga. Tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya mota kuma su ke yin mafi yawan aikin birki, sai riƙonsu da titi ya ragu, fitila kuma ta koma haska idon masu tahowa. Sandunan nan biyu suna shiga kan mahaɗin, su miƙa baya su hau kan wasu ƙarafa da aka ɗaure a wuyan tirela. In an ɗame su, kamar mutum ne ya kama hannun baro ya ɗaga: wani kaso na nauyin ya bar aksul ɗin baya, ya koma tayoyin gaba na mota da tayoyin tirela. Gogayyar sandunan da ƙarafan da suka hau kai kuma ita ce ke rage kaɗawa.

Kafin na ɗaura, na kai tirelar wurin mai walda ya duba wuyan, kuma ina roƙon duk mai tsohuwar tirela kada ya tsallake wannan. Sandunan suna matsa wa wuya lamba sosai, ƙarfen da tsatsa ta ci ta ciki yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Wasu ƙananan tireloli ma masu ƙera su sun hana a sa musu irin wannan mahaɗi gaba ɗaya. Mai waldan ya bi wuyan da guduma yana sauraro, ya tsaya a wuri ɗaya ya ce, "Maigida, nan ba ƙarfe, fenti ne kawai ya rage." Ya yanke wurin, ya sa sabo, ya ƙara faranti ta ciki.

Ɗaurawar ta ci mini yini guda. Littafin da ya zo da shi a fili yake, da zane a kowane mataki, amma notunan kan mahaɗin suna son ɗauri mai ƙarfin da sifanar gida ba ta kaiwa, sai da na aro doguwar sifana mai awon ɗauri.

Da na fita gwaji, motar ta fi natsuwa, ba shakka. Amma da na kai saurin da abin ya faru a baya, na ji wutsiyar tana son motsi, sandunan suna danne ta. Ba ta ɓalle ba, amma tana nema. Wannan ya dame ni fiye da yadda zan iya faɗa, domin na gane cewa ciwon yana nan, an dai rufe shi ne.

Sai na yi abin da ya kamata in fara da shi: na je babban sikelin da ake auna manyan motoci. Tirelar da kayanta da ruwanta cike ta ba da kilo 1,880. Nauyin da ke sauka a kan ƙwallo kuwa kilo 130 kacal, wato wajen kashi 7 cikin ɗari. Ƙa'idar da masu ƙera tirela da masu ƙera mota suka yi tarayya a kai ita ce nauyin wuya ya zama tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela. In ya gaza haka, nauyi ya taru a baya, tirela ta zama kamar lilo, ƙaramar iska ko rami ya ishe ta fara kaɗawa, kuma gudu yana ƙara mata. Babu sandar da za ta sauya inda ka ajiye kayanka.

Na koma na kwance gadon da na wahala wajen ƙerawa. Tankin ya dawo gaban aksul kaɗan, batir biyun suka koma cikin akwati a kan wuya. Faɗin da nake so a gaba ya ragu, na haƙura. Awo na biyu ya nuna kilo 240 a kan ƙwallo, kusan kashi 13.

A nan ne mahaɗin ya nuna amfaninsa na gaskiya. Da nauyin wuya ya dawo daidai, bayan motar ya zauna sosai, abin da bai yi ba a da. Na auna daga ƙasa zuwa bakin madigadin gaba: santimita 92 in ba tirela, 95 in an ɗora ta ba sanduna. Na yi ta gyara karkatar kan mahaɗin da tsayin ƙarafan wuya, ina ɗorawa ina aunawa, har ya dawo 93. Masu ƙera motoci sun bambanta a kan nawa ya kamata a mayar, wasu sun ce rabin abin da ya ɗaga, wasu sun ce duka, don haka littafin motarka za ka bi. Abin da ba a so shi ne gaban ya sauka ƙasa da yadda yake tun asali, domin a lokacin ka sauke wa tayoyin baya nauyin da suke buƙata.

Tun daga ranar, tuƙin ya zama wani abu dabam. Sitiyari ya daina sakin nan da ke sa mutum ya ƙanƙame shi. In babbar mota ta wuce, mota da tirela suna matsawa tare kamar jiki ɗaya, su dawo tare, shi ke nan. Sukuwar da bayan mota ke yi in an hau gada ko an sauka daga tudu ta ragu ƙwarai. Na yi tafiyar awa biyar cikin iska mai bugowa ta gefe, na sauka kafaɗata ba ta yi tsami ba.

Yana da nasa wahalhalun. Yana da nauyi, kan mahaɗin da sandunan sun kusa kilo 40, kuma cire kan daga mota a ƙarshen tafiya aiki ne ga mai ciwon baya. Yana da ƙara: in kana juyawa a hankali, ƙarfe na gurzar ƙarfe da wani irin kuka da ke sa mutanen wurin waigowa. Ba lalacewa ba ce, gogayyar ce ke aikinta, amma in ka iso masauki da dare sai ka ji nauyin maƙwabta. Giris ɗin kan sandunan yana ɓata tufafi, na ware musu buhu na musamman. Ɗaurawa kuma tana ƙara minti biyar zuwa goma a kowace tashi. Dabarar da ta sauƙaƙa mini ita ce in kulle wuya a kan ƙwallo tukuna, in ɗaga mota da tirela tare da jak ɗin wuya, sai sandunan su hau wurinsu ba tare da an yi kokawa ba. Haka ma wajen cirewa. Kada a taɓa ɓalle sanda tana ɗame, tana iya karya ƙafa. In zan shiga hanya mai kwazazzabai ko gangara mai tsini, nakan tsaya in cire su, don kada su murɗe tsohon wuyan.

Abu ɗaya da na ga mutane da yawa suna ruɗewa a kai: mahaɗin ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya, tawa kilo 650 ce. Cire 240 na wuya, cire 40 na mahaɗin kansa, cire mu huɗu da ke ciki, abin da ya rage bai kai kilo 100 ba. Bayan a-kori-kura ga shi nan fili guda, amma kusan fayau nake tafiya da shi. Mutane suna duba nauyin da mota za ta iya ja, su manta da wanda za ta iya ɗauka, alhali shi ne ke fara cika.

Wajen zaɓen sanduna ma sai da awo. Ana sayar da su mataki-mataki gwargwadon nauyin wuya, nawa na fam 600 ne, wajen kilo 270. Wanda ya ɗauki masu ƙarfi fiye da kima yana ganin ya ƙara tsaro, tirelarsa za ta riƙa shan duka a kowane rami, tsohon firam na katako kuwa ba ya jure wannan, kusoshi za su saki, ruwa ya sake samun hanya.

Ga mai tirela mai nauyi irin tawa da a-kori-kura matsakaiciya, ina ba da shawarar a saya, bayan an je sikeli kuma an duba wuya. Mai ƙaramar tirela da ba ta sa bayan motarsa zama ba lallai ya buƙace shi ba. A wata takwas ɗin nan sau biyu na sake ɗaure notunan ƙarafan wuya, domin na farko sun ɗan zame baya bayan tafiya ta uku. Yanzu na yi musu alama da farin fenti, ina dubawa duk safiyar da za mu tashi, tare da iskar taya da sarƙoƙin tsaro da wayar birkin gaggawa mai kama birkin tirela in ta ɓalle daga mota. Fentin ƙarafan ya goge inda sandunan ke hawa, amma waldar da aka yi wa wuyan ko tsaga babu.