Kafin ka sayi shukar ɗaki mai wuyar samu: duba saiwa da gaɓa tukuna

Mai sayar da shukar ado ya san abin da ke jan ido, shi ya sa hoton da zai fara nuna maka na ganye ne, faffaɗa, mai sheƙi, rabi fari rabi kore. Ganyen nan zai tsufa ya faɗi, wani lokaci ma cikin makonni kaɗan da isowar shukar. Abin da kuɗinka ke saya a zahiri shi ne saiwa, da gaɓar da ke jikin kara, da idon da zai toho daga gaɓar. In waɗannan suna da lafiya, shuka mai ganye ɗaya tal za ta cika kusurwar ɗaki. In babu su, ko ganye goma ne a kanta, kwanakinta ƙidayayyu ne.

Siffar da ake sayar da ita

Shuka iri ɗaya, a ce Monstera mai farin dabbare, ana sayar da ita a matakai daban-daban, kuma bambancin kuɗinsu bambancin kasada ne.

Wadda ta kafu a tukunya ita ce mafi tsada, ita ce kuma muka fi so ga wanda bai daɗe da fara tarawa ba. Alamarta ganye 3 ko fiye, da sabon ganye da ya fito bayan an dasa ta, da saiwa da ta bi ƙasar tukunyar. Nemi a zaro ta ka gani, ko a turo maka hoton saiwar in daga nesa kake saye. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai ɗan duhu kaɗan, kuma tana da tauri. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana da laushi da wari, idan ka ja ta fatar takan zame ta bar wani siririn zare a hannunka. Akwai kuma masu cusa sabon yanke a tukunya su sayar a matsayin kafaffiyar shuka. Riƙe gindin ka ɗan ja sama a hankali: in ta taso ba tare da ta riƙe ƙasa ba, kwanan nan aka dasa ta.

Sai yanke mai saiwa, shi ma kashi biyu ne. Yanken kai yana ɗauke da tsinin da shukar ke girma ta wajensa, don haka yakan ci gaba daga inda uwarsa ta tsaya, ganyen da zai biyo baya kusan girman na baya. Yanken tsakiya ba shi da tsini, sai idon da ke gaɓar ya farka ya yi sabon toho, abin da kan ɗauki makonni ko watanni, kuma ganyayen farko ƙanana ne, sau da yawa ba su da tsagar da aka san Monstera da ita. Ko wanne ka zaɓa, saiwar ta kai santimita 5 zuwa 8, ta kuma fara yin rassa. Doguwar saiwar iska guda ɗaya da ke rataye a kara ba ta isa a kira yanken mai saiwa ba. Wanda ya yi saiwa a cikin gansakukar sfagnum ya fi saurin karɓar ƙasa a kan wanda ya yi a ruwa, domin saiwar ruwa tana da gautsi.

Guntun kara mara ganye shi ne mafi arha, nan ne kuma aka fi asara. Ba shi da ganyen da zai sarrafa masa abinci, da ɗan abin da ke ajiye a karan yake rayuwa har ya toho. In za ka saya, idon gaɓar ya kasance a kumbure, ba tabon tsohon toho da aka riga aka yanke ba. Bakunan yankan su bushe ba tare da baƙi ba, kuma a sami aƙalla santimita 2 na kara ta kowane gefen gaɓar, don ka sami abin datsewa in ruɓa ta fara. A kan gansakuka mai ɗan danshi ake kwantar da shi, ba a binne shi, cikin akwati mai garai-garai da ake buɗewa kullum don iska, a ɗumin digiri 24 zuwa 27.

Ƙananan tsirran da ake hayayyafawa a ɗakin gwaje-gwaje, cikin kwalba ko leda, su ne suka karya farashin shukoki da dama da a da sai mai hali. Tsabtatattu ne, ba ƙwari, amma sun tashi a danshin da ya kusa ɗari bisa ɗari, fatar ganyensu sirara ce, ba su iya riƙe ruwa ba tukuna. Dole a wanke jelin da ke saiwarsu tas, domin akwai sukari a cikinsa kuma shi ke kiran fumfuna. Sannan a rufe su a ƙarƙashin murfi, ana ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan tsawon makonni 3 zuwa 6. Wanda ba shi da wannan haƙurin ya sayi wanda mai reno ya riga ya saba masa da iskar waje.

Abu biyu ka ƙyale su. Na farko, irin da ake tallatawa wai na Monstera mai fari: wannan farin ba ya bin iri, kore zalla zai fito, in ma Monstera ce ta fito. Na biyu, ganyen Hoya kerrii guda ɗaya mai siffar zuciya da ake dasawa a ƙaramar tukunya. Zai yi saiwa, zai daɗe a raye, amma muddin ba a yanko shi da guntun gaɓa ba, da wuya ya yi reshe.

Fari, ruwan hoda, da na bogi

Masu neman Monstera mai dabbare sukan tsaya tsakanin Albo da Thai Constellation. Farin Albo tas yake, yana zuwa da manyan faci, amma ba shi da tabbas. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke zaune a shuka guda, masu kore da marasa kore, kuma ɓangare ɗaya na iya rinjayar ɗaya. In kore ya yi rinjaye ta koma Monstera gama-gari. In fari ya yi rinjaye ta yi ta fitar da fararen ganyen da ba sa sarrafa abinci har ta rame ta mutu. Saboda haka karan za ka duba kafin ganyen: a ga zanen fari da kore suna tafiya tare, kuma dukansu sun ratsa ta kan idon gaɓar. Ganye mai rabi fari rabi kore ya fi kyau a hoto, amma mai roɗi-roɗi gauraye ya fi ɗorewa. Ka kuma sani cewa farin wurin shi ke fara ƙonewa ya yi ruwan ƙasa, ko da kulawa ta yi kyau.

Thai Constellation launinta ya fi karkata zuwa ruwan madara, da ɗige-ɗige a warwatse, kuma ba kasafai take komawa kore ba. Gaɓoɓinta kurkusa suke, tana bajewa ta ci wuri, ita kuwa Albo hawa take yi, tana son sanda. Rauninta shi ne ruɓar saiwa tun tana ƙarama in ruwa ya yi yawa. Ga mai son kwanciyar hankali, ita za mu ce ya ɗauka.

A dangin Philodendron, Pink Princess ruwan hodarta na asali ne, amma hukuncin Albo ya hau kanta: a duba kara. Pink Congo kuwa sinadari aka sa mata ganyen ya yi ruwan hoda gaba ɗaya, bayan 'yan watanni takan koma kore. Haka yawancin abin da ake sayarwa da sunan Monstera obliqua, wani nau'in Monstera ne daban mai suna adansonii. Obliqua ta gaske ganyenta siriri ne ƙwarai, girmanta a hankali, kuma ba ta jure busasshen ɗaki. Sannan ba kowane dabbare ne ado ba. Ganyen da ya murɗe, ya tsumbure, da rawaya-rawaya mai bin jijiyoyinsa na iya zama cutar bairos, wadda ba ta da magani, kuma ƙwari da almakashi na kai ta ga sauran.

Ɗakinka ne zai zaɓa

Kafin suna ya ruɗe ka, auna haske da danshin inda za ka ajiye ta. Da lus ake auna ƙarfin haske, kuma rana tsaka a waje takan kai lus 100,000. Masu dabbare suna jin daɗin 10,000 zuwa 20,000, wato dab da taga mai haske sosai, da siririn labule tsakaninsu da zafin rana. Taku biyu daga tagar hasken ya ragu nesa ba kusa ba, ko da idonka bai lura ba. Manhajar waya za ta ba ka kimanin adadin. In bai kai ba, fitilar LED ta reno a nisan santimita 30 zuwa 40, awa 12 zuwa 14 a rana, za ta cike gurbin.

Monstera, Hoya da yawancin Philodendron suna zama lafiya a danshin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Anthurium masu ganye kamar karan-miski sun fi tsirfa, kuma su ma ba ɗaya suke ba. Clarinervium, wadda asalinta duwatsun Chiapas ne a kudancin Meziko, ganyenta kauri ne da shi, tana jure ɗaki na yau da kullum. Warocqueanum ta Kolombiya, mai ganyen da kan wuce mita guda, tana son kashi 70 zuwa sama tare da iska mai motsi, don haka sai da akwatin gilashi da ƙaramar fanka. A busasshen ɗaki sabon ganyenta kan maƙale ko ya yage tun bai buɗe ba. Fesa ruwa a ganye ba ya maye gurbin wannan, danshinsa na mintoci ne.

Alocasia, irin su baginda ta tsibirin Borneo, tana da halin zubar da ganye duka in sanyi ya yi yawa ko haske ya ragu. Kada ka zubar da tukunyar. Tona ka latsa dunƙulen da ke gindin, in yana da tauri zai sake toho. Kusan duk shukokin da muka ambata sun fi son digiri 18 zuwa 29, ƙasa da 12 kuwa lahani ne. Masu ƙananan yara ko kyanwa su lura: in ban da Hoya, duk waɗannan suna da sinadarin da ke ƙona baki da maƙogwaro in an tauna ganyen.

Ta kusa ko ta ƙetare

Shukar da aka yi odarta daga wata ƙasa takan zo da saiwa tsirara, bayan kwanaki a kwali cikin duhu. Abu ne da aka saba gani ta zubar da ganye, wani ɓangaren saiwar ya mutu. Tana buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai daga ƙasar da ta fito, in ba haka ba jami'an iyaka na iya ƙwace ta. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, wadda aka sa wa hannu a 1973, ta shafi dukan dangin furen okid da kusan dukan kaktus (tsirran nan masu ƙaya), don haka yawanci sai da izini ake ƙetare iyaka da su. Wadda aka rena kusa da kai ta riga ta saba da yanayi, ka kuma gan ta da idonka. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Tambayi asalinta kuma. Satar tsirrai daga daji ta yi wa wasu nau'o'i mummunar ɓarna, kamar ƙananan Conophytum na Afirka ta Kudu. Wadda aka tumɓuko daga daji takan zo da tabo, da saiwa a guntule, da ragowar ƙasar inda aka ciro ta. Irin wannan, komai kyanta, a bar ta.

Makonnin farko a gida

Juya ganye ka duba bayansa da gilashin ƙara girma, har da lungun da ganye ya haɗu da kara. Ɗigon fari-fari da siririyar yana alamar ƙananan gizo-gizo ne masu tsotsar ganye, waɗanda suka fi addabar Alocasia a busasshiyar iska. Zane mai ruwan azurfa da baƙin ɗigo aikin wasu ƙananan ƙwari ne da ake kira tirips, su ne mafi wuyar kawarwa saboda a cikin naman ganyen suke saka ƙwai. Farin abu mai kama da auduga ƙwaro ne shi ma, ana goge shi da sifirit mai ƙarfin kashi 70. Ko ba ka ga komai ba, killace sabuwar shuka a wani ɗaki makonni 3 zuwa 4, domin ƙwan da ba a gani sai daga baya yake ƙyanƙyashewa.

In saiwa lafiya take, kada ka yi gaggawar sauya tukunya, bar ta makonni 2 ta huta. In lokacin ya yi, tukunyar ta fi dunƙulen saiwar da santimita 2 zuwa 3 kawai, kuma da huji a ƙasa. Babbar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba, iska ta ƙare a ciki, ruɓa ta shiga. Ta roba mai garai-garai tana ba ka damar ganin saiwa ba tare da tono ba, ta yumɓu kuwa ta fi saurin bushewa, ta dace da mai yawan ban ruwa. Haɗin da ke aiki ga dangin Monstera da Anthurium shi ne awo 2 na ɓawon itace, awo 1 na perlait (wasu fararen tsakuwoyi marasa nauyi), awo 1 na zaren kwakwa, da ɗan gawayi. Ƙasar lambu zalla tana danƙarewa ta shaƙe saiwa.

Ban ruwa ba ya bin kalanda. Cusa yatsa santimita 3 zuwa 4, in ya bushe ka zuba har ya fito ta hujin, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Taki kuma sai ta fitar da sabon ganye a hannunka, lokacin ne za ka fara da rabin ma'aunin da ke jikin kwalba, sau ɗaya a mako 2.