Manhajar Gospel Library da labarin Moroni, sarkin yaƙin Nifawa

Ni malamin makaranta ne a Kasala da ke Sudan, Musulmi, kuma tun ina ɗalibi a Khartoum nake nazarin addinai, domin na fi son in ji zancen kowane mai addini daga bakinsa. Wannan ne ya sa na sauke manhajar Gospel Library, wadda cocin Mormon da ke Salt Lake City a Amurka yake bayarwa kyauta, na kuma shafe makonni ina karanta labarin wani sarkin yaƙi mai suna Moroni a littafinsu mai suna Littafin Mormon, wanda aka fara bugawa a 1830.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne idan an sauke littafi sau ɗaya, ana iya karanta shi ba tare da intanet ba, kuma duk wanda ya san halin wuta da layin waya a nan tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ya san darajar wannan. Akwai wurin ja wa aya layi da rubuta tsokaci, kowane babi kuma yana da taƙaitawa a kansa.

Labarin yana cikin sashen Alma, daga babi na 43 zuwa na 63. An ce yana da shekara 25 aka damƙa masa rundunar Nifawa, wata al'umma da littafin yake ba da labarinta, ya sa wa mayaƙansa sulke da garkuwa, ya kewaye garuruwa da ganuwa da gwalalo. Da Amalikiya ya nemi sarauta da ƙarfi, sai Moroni ya yage rigarsa, ya rubuta a kanta abin da suke karewa, wato Ubangijinsu da addininsu da ƴancinsu da iyalansu, ya ɗaga ta a matsayin tuta. Amma inda na fi daɗewa shi ne babi na 60 da na 61. Cikin ɓacin rai ya rubuta wa shugaban ƙasa Pahoran wasiƙa yana zarginsa da barin mayaƙa cikin yunwa, alhali masu tawaye ne suka kori Pahoran daga mulki, shi kuwa ya amsa ba tare da fushi ba. Na karanta wannan amsa sau uku, ina tuna halin da ƙasarmu take ciki.

Sai dai mai karatu ya sani cewa muryar cocin kaɗai zai ji a ciki, kuma masana tarihi da ba mabiyansa ba ba su ɗauki Moroni a matsayin mutumin da ya taɓa rayuwa ba. Ni ma ban yarda littafin wahayi ne ba. Littattafan darasi da ke cikin manhajar sun fi ƙarfafa yadda ya tsai da kisa a bakin kogin Sidon bayan ya ritsa da abokan gaba, don haka ina ba ɗalibi shawara ya buɗe babi na 51 da kansa, inda aka kashe mutum 4,000 daga cikin ƴan ƙasarsa da suka ƙi ɗaukar makami don kare ƙasar.