Tsohon Kwanon Satalayit: Abin da Za a Riƙe da Abin da Za a Saya Kafin a Kalli Tashoshin Kyauta

A gidaje da yawa akwai tsohon kwanon satalayit maƙale a bango ko kan rufi, wanda aka daina amfani da shi tun ranar da maigida ya gaji da biyan kuɗin wata. Mutane da dama suna ɗauka cewa tunda sunan DStv ko StarTimes ke rubuce a jikinsa, to babu abin da zai kamo sai tashoshin wannan kamfani. Ba haka abin yake ba. Kwanon nan, da ake kira dish a kasuwa, farantin ƙarfe ne kawai da ke tattara sigina ya mayar da ita kan ƙoƙon da ke bakin sandarsa, wato LNB, kuma bai san wani kamfani ba balle ya yi masa biyayya. Abin da ke kulle tashoshi yana cikin dikoda da katinta. Saboda haka wanda ke da lafiyayyen kwano ya riga ya ci rabin hanya, sauran kuwa zaɓi ne da ya kamata a yi shi a tsanake kafin a ciro ko kwabo daga aljihu.

Zaɓin farko ba na kaya ba ne, na tashoshi ne, domin tashoshin da iyali ke so su ne ke nuna tauraron ɗan adam da za a fuskanta, tauraron kuma shi ke nuna ko tsohon kwanon zai isa. Taurarin talbijin suna jere a saman tsakiyar duniya, a nisan kusan kilomita 36,000, kowanne a gurbinsa. Kwanon DStv a Najeriya yana kallon tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas, na StarTimes yana kallon SES-5 a digiri 5 gabas, na Canal+ da aka saba gani a Maraɗi da Zinder kuwa yana kallon digiri 22 yamma. Mafi yawan abin da ke waɗannan gurabe a kulle yake, don haka kusan dole ne a juya kwanon. Mai son tashoshin Hausa da na ƙasashen Afirka ta Yamma, Eutelsat 16A da ke digiri 16 gabas ne ya kamata ya fara tambaya a kai, domin Arewa24 ta watsa shirye-shiryenta kyauta a kansa, kuma a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ƙaramin kwano yana kama shi. Mai son tashoshin Ghana da kaɗe-kaɗe da fina-finan kudu, Astra da ke digiri 28.2 gabas ne gidan Multi TV. Tashoshin coci-coci sun fi yawa a Intelsat 20, digiri 68.5 gabas, sai dai daga Kano wannan tauraro ƙasa-ƙasa yake a gabas, bai fi digiri ashirin da ɗoriya daga doron ƙasa ba, har bishiyar darbejiya ko benen maƙwabci na iya tare shi.

Inda ake yawan asarar kuɗi shi ne wajen Nilesat da ke digiri 7 yamma da Badr na Arabsat da ke digiri 26 gabas. Su ne ke ɗauke da tashoshin Larabci birjik, da tashar da ke nuna Masallacin Harami kai tsaye da ta Masallacin Madina, kuma a watan azumi kowa yana so ya gan su a falonsa. Amma an saita hasken waɗannan taurari, wato siginar da suke saukarwa, kan Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, mu a gefen hasken muke zaune. Bahaushen Khartoum zai kama su da ɗan ƙaramin kwano, na Agadez ya fi na Kano sauƙi, kuma duk yadda aka gangara kudu sai kwanon ya ƙara girma. Tsohon kwano mai faɗin santimita 60 ba zai yi wannan aiki ba, kuma duk mai ɗaura kwano da ya yi alƙawarin hakan to kuɗin aikinsa kawai yake nema. A nan sai an sayi babba, mita ɗaya da 'yan kai zuwa mita 1.8, gwargwadon gari. Hanya mafi aminci ita ce a leƙa rufin maƙwabcin da ke kallon tashoshin, a ga girman nasa.

Shi kansa tsohon kwanon sai a duba shi kafin a ɗora masa buri. Tsatsar da ke fuskarsa ba ta cika hana aiki ba, ana kankare ta a shafa fenti marar ƙyalli. Abin tsoro shi ne lanƙwasa. A ɗaure zare biyu a bakinsa, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya daga dama zuwa hagu. Idan suka taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, kwanon a miƙe yake, idan kuwa aka ga rata a tsakaninsu to iska ko faɗuwa ta murɗe shi, kuma sayen sabo ya fi wahalar gyaransa. Haka nan sandar da ke riƙe da LNB, in ta karkace ko da kaɗan ne sigina za ta zube a gefe. Manyan kwanukan raga na da, waɗanda aka ƙera don nau'in siginar da ake kira zangon C, suna da nasu LNB daban, kuma ragar mai manyan ƙofofi ba ta riƙe siginar zangon Ku, wadda ƙananan kwanuka ke kamawa, da kyau. Amfaninsu shi ne ruwan sama ba ya ɗauke musu hoto kamar yadda yake yi wa ƙananan kwanuka a tsakiyar damina.

LNB da waya su ne mafi arha a cikin kayan, kuma su ne nake ba da shawarar a sabunta ba tare da dogon ciniki ba. LNB da ya shekara biyar a rana yakan tsage a murfi, ruwa ya shiga, wani lokaci ma a buɗe a tarar zanzaro ya yi gini a ciki. A nemi na zangon Ku wanda aka rubuta 9750 da 10600 a jikinsa, kuma in talbijin biyu ne a gidan a sayi mai baki biyu, kada a raba waya ɗaya, domin dikodojin za su riƙa ja-in-ja a kan wutar da suke aika masa. Waya kuwa RG6 ake nema, mai cikakkiyar saƙa a ƙarƙashin roba. Na taɓa sayen wata mai arha a hannun wani mai shago da ya rantse mini jan ƙarfe ce zalla, damina ɗaya ta yi ta koma baƙa daga ciki, sigina tana zuwa tana ɗaukewa, na yi ta zargin kwanon alhali ba shi da laifin komai.

Dikoda ce ke cin mafi yawan kuɗin, kuma a nan ne zaɓin ya fi faɗi. Dikodar kamfanin biyan kuɗi a ajiye ta gefe, domin an ƙera ta ne don tashoshin kamfaninta. Tsohuwar dikodar Strong ta zamanin da, wadda ba ta karanta komai sai tsohon tsarin sigina da hoto, wato DVB-S da MPEG-2, za ta kunnu, amma tashoshi da yawa sun koma sabon tsari, sai ta nuna sunan tasha babu hoto, ko a ji murya allon yana baƙi. Mafi ƙarancin abin da ya cancanci kuɗin mutum a yau shi ne wadda aka rubuta DVB-S2 da MPEG-4 a kwalinta, wadda ke da H.265 kuwa za ta fi daɗewa kafin zamani ya wuce ta. A tabbatar tana iya laluben tashoshi da kanta ba sai an shigar mata da lambobi ba, saboda tashoshin kyauta suna sauya gurbi ba sanarwa, kuma wanda dikodarsa ba ta da wannan sai ya kira mai ɗauri duk lokacin da tasha ta ɓace. Akwai mai haɗe da T2, wadda ke karɓar eriya da kwano a lokaci guda, tana da amfani a biranen da ake watsa shirye-shiryen dijital ta eriya. Kafin a saya ma a leƙa bayan talbijin, domin wasu sababbi suna da kafar satalayit mai zare, wadda ake murɗa waya a kanta, kuma mai irin wannan ba ya buƙatar dikoda sam. A gidan da ke kan sola, wadda ke aiki da wutar bolt 12 ta fi dacewa.

Akwai kuma dikodojin da ake tallatawa da cewa suna buɗe tashoshin ƙwallo na kuɗi a kyauta. Wannan ba ya cikin kallon kyauta da muke magana a kai, satar sigina ce, tana cin data, kuma ranar da aka toshe hanyar babu wanda za a kai wa ƙara. Ya kamata mai saye ya sani tun daga farko cewa gasar Firimiya ta Ingila ba ta cikin abin da zai samu a kai a kai. Abin da zai samu shi ne labarai, wa'azi, wasan kwaikwayo, shirye-shiryen yara da tashoshin gwamnatoci.

Wanda ke son taurari biyu ko uku yana iya ƙara kwano ya haɗa su da ɗan makunnin DiSEqC mai kafa huɗu, waya ɗaya ta shiga ɗaki. Taurarin da ke kusa da juna kuma ana iya kama su da LNB biyu a kwano ɗaya in yana da girma. Saitin kansa a bar wa mai ɗauri mai na'urar auna sigina, kuma kada a sallame shi sai an duba layin ingancin sigina a allon, ba layin ƙarfinta kawai ba, sannan ya ƙara ɗaure kusoshin ya naɗe bakin wayar da salatif saboda ruwa.