Ƙyallayen tela ko kayan bosho: wanne ya fi dacewa da bargon faci?

Ƙanwata daga unguwar Bukoki a Yamai ta kawo tambaya a ƙungiya. Tana son ta ɗinka wa ƴaƴanta biyu bargon faci kafin hunturu ya kama, ta kuma yi wani ta aika wa mahaifiyarta a Tahoua. Keken ƙafa gare ta, kuɗin sabon yadi kuwa babu. Shin ta bi teloli ta tara ƙyallayen atamfa, ko ta shiga kasuwannin Katako da Wadata ta zaɓo kayan bosho, wato gwanjo, ta yayyanka? Na daɗe ina aiki da duka biyun, don haka bari in faɗa miki abin da hannuna ya gani.

Abu na farko da nake so ki riƙe, ƙanwata: ɗumin bargo ba daga fuskarsa yake fitowa ba. Bargon faci hawa uku ne, akwai fuska, akwai ciki, akwai shafi na baya. Fuska ita ce ado, ciki da shafi su ne ke tare sanyi. Ƙyallayen tela ba za su taɓa ba ki ciki ko shafi ba, sun yi ƙanana. Saboda haka ko me kika zaɓa, sai kin taka wurin masu bosho kin nemo babban zanin gado da wani abu mai laushi da za ki sa a tsakiya. Gardamar duka a kan fuska take.

Ta wajen kuɗi, ƙyallaye ne ke gaba. Yawancin teloli kyauta suke bayarwa, sai dai ki ba yaron shago na goro don ya riƙa ware miki a buhu kafin a share. Lokacin da suka fi yawa shi ne makon da ya biyo bayan Sallah, ƙarama ko babba, lokacin da ƙasan kowane tebur ya cika. Sai dai akwai abin da ba na wasa da shi: babban ƙyalle, wanda zai iya fitar da ɗankwali ko rigar jariri, haƙƙin mai ɗinki ne, ba na tela ba. Ki ce masa ƙanana kike so, waɗanda shara za su tafi. Bargon da yaro zai kwana a ciki bai kamata a haɗa shi da abin da zuciya ke ɗar-ɗar a kansa ba.

Bosho kuwa saye ne, kuma ya ƙara tsada tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, diloli suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Amma ke ba zaɓen farko kike nema ba. Ranar da aka fasa dila, ki bar masu neman kayan sawa su yi rububinsu. Naki yana cikin tarin da ya rage: riga mai yagaggen wuya, wadda biro ya ɓata wa aljihu, wadda ta yi wa kowa girma. Wannan mai kaya so yake ya rabu da ita, kuma in kin ɗauki da yawa zai yi miki ragi. Ki nemi manyan rigunan maza masu maɓalli, da siket masu faɗi, da labule na auduga, da rigunan matashi.

A nan ne bosho ke fara ramawa, wato wajen girman abin da za ki samu. Rigar namiji babba guda ɗaya, in kin cire wuya da bakin hannu da layin maɓalli, za ta ba ki murabba'i kimanin ashirin masu santimita 17. In kin bar santimita ɗaya ta kowane gefe don ɗinki, kowanne zai tsaya a 15. Bargon yaro mai faɗin mita 1,20 da tsawon mita 1,50 yana cin murabba'i 80, layi goma na takwas-takwas, kin ga riguna huɗu ke nan, ko biyar in akwai wurin da ya lalace. Ki yanko ma'auni ɗaya da kwali, ki riƙa ɗorawa kina zagayewa da alli, cikin yamma ɗaya kin gama yanka.

Buhun tela ba haka yake ba. Abin da ke ciki ragowar wuya ne, da ragowar hammata, da siraran gefe. Da wuya ki samu mai kusurwa huɗu daidai. Da yawa an yanke su a karkace, ba bisa tsayin zare ba, kuma ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi a ƙarƙashin ƙafar keke. Ki haɗa goma irinsu, sai ki ga layin ya kumbura a tsakiya, guga ba ta kwantar da shi. Wannan ne ke sa mata da yawa su fara da murna su jefar da aikin a rabi. Kyautar da aka ba ki a shago, da lokacinki za ki biya ta wajen tsinta da warewa.

Akwai maganin wannan, kuma shi ma daga bosho yake fitowa. Ki samo tsohon zanin gado marar kauri, ki yanka shi murabba'i-murabba'i na santimita 27. Shi ne tushe. Ki ɗora ƙyalle ɗaya a tsakiyarsa fuska sama, ki kifa na biyu a kansa, ki ɗinka gefe ɗaya har da tushen, ki buɗe ki goge, ki kifa na uku. Haka har tushen ya rufe, sannan ki juya baya ki datse abin da ya yi rara. Tushen ne zai riƙe komai, karkataccen ƙyalle ba shi da wurin miƙewa, kuma ko siririn da bai wuce yatsa biyu ba zai yi amfani. Guda 48 irin wannan, layi takwas na shida-shida, za su ba ki bargo mai mita ɗaya da rabi a faɗi, mita biyu a tsawo. Aikin yana cin zare, yana cin lokaci, amma ban san wata hanya da ta fi ta fitar da kyawun ƙyallaye ba.

Ƙarfi fa? Ƙyallen tela sabo ne, ruwa bai taɓa shi ba, rana ba ta ci shi ba. In atamfar ta ainihi ce ta auduga, irin su Holan ko Uniwax ta Abijan, za ta yi shekaru. Matsalar ita ce buhun a cakuɗe yake. Kasuwa ta cika da atamfar roba mai sheƙi, ga leshi, ga shafi mai santsi, ga shadda. Leshi da wannan shafi mai santsi ki fitar da su gaba ɗaya. Don ki gane roba, ki yanki ɗan ƙarami ki kai shi bakin ashana a kan faranti: auduga ci take yi da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi, roba narkewa take yi, ta dunƙule ta yi baƙin ƙwallo mai tauri. Roba tana sa zufa, tana narkewa a ƙarƙashin dutsen guga, kuma a gidan da ake kwana da kaskon wuta lokacin ɗari, ba na son ta kusa da yaro ko kaɗan.

Bosho ya riga ya sha wanki a ƙasar da ya fito. Wannan yana da amfani biyu: ba zai ƙara tsukewa ba, kuma ya yi laushi. Illarsa ita ce ba ko'ina ne ke da sauran ƙarfi ba. Ki ɗaga rigar ki duba ta a rana. Inda haske ya fi ratsawa, a gwiwar hannu da hammata da kafaɗa, zaren ya mutu, ki zagaye shi. Ƴar takardar da ke wuya ko gefen ciki tana faɗin irin zaren, ki nemi wadda aka rubuta auduga zalla ko mai rinjaye. Rigunan roba masu miƙewa irin na ƙwallo ba na keken ƙafa ba ne, ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, zai tattare ko ya tsinke. Su ki yayyanka ki cika matashi da su.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne kada ki haɗa sabo da tsoho gefe da gefe a fuska ɗaya. Sabuwar atamfa mai sitati da tsohuwar riga ba sa jan nauyi daidai. Duk wanki, mai ƙarfin yana jan mai raunin, kuma a kan layin ɗinki tsohon zai fara tsagewa, inda gyara ya fi wuya. Fuska ta zama atamfa zalla, ko bosho zalla.

Wanki kafin yanka wajibi ne ga duka biyun, amma dalilin ya bambanta. Bosho yana zuwa da warin magani da na daɗewa a matse, wani lokaci da kuɗin cizo daga inda aka ajiye shi. Ki jiƙa da omo, ki ɗauraye da ruwan zafi, ya yini a rana, ki bi shi da guga mai zafi. Ƙyallaye kuwa zubar launi da tsukewa ake tsoro. Ki raba masu duhu da masu haske, ki zuba su a rigar matashi ki ɗaure baki kafin ki wanke, don kada bakinsu ya tsefe su sarƙe. Rinanniyar shadda ita ce ta fi ɓarna: ƙyalle ɗaya mai shuɗi zai iya rina bargo duka. Ki jiƙa farin tsumma ki goga a kai, in ya ɗauki launi ki ajiye ta gefe.

In ana maganar kyau, ba na ɓoye inda nake. Atamfa ce. Rigunan bosho yawanci shuɗi ne da fari da toka-toka, masu layi da masu gida-gida. Suna da natsuwa a ido, in an jera mai haske kusa da mai duhu suna fitowa tsaf, amma ba sa magana. Ƙyallen atamfa kuwa kowa ya san shi. Ga ankon bikin wance, ga na sunan ɗan wane, ga zanen 13 ga Mayu da ake fitarwa kowace shekara don tunawa da tattakin matan Nijar na 1991. Tsohuwa za ta zauna da bargon a cinya tana nuna su ɗaya-ɗaya tana faɗin shekarar da aka yi yayinsu. Masu cewa araha ba ta ado ba su ga irin wannan ba. Kuma faci ba abin kunya ba ne: a Senegal, Baye Fall, mabiya Shehu Ibrahima Fall, da kayan faci aka san su, suna sawa da alfahari. In kina da ragowar ɗinkinki da na yayyenki, ki tara su ki sa a na Hajiya mahaifiyarki, za su fi na kowane shago daraja a wurinta.

To ga hukuncina. Na yara, ki yi da bosho. Bargon yaro yana shan fitsari da koko da wanki kowane mako, yana son abu mai laushi wanda ba ya zuba, kuma ke da kike farawa gara hannunki ya saba da murabba'i masu daidai kafin ki shiga kokawa da ƙyallaye. Na Hajiya, ki yi da atamfa a kan tushe, bayan kin gama na yaran. Ɗarin Adar, yankin Tahoua, a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, dare yana sauka wajen digiri 15 ga iska mai ratsa ƙashi, amma kada wannan ya sa ki yi mata mai nauyi. Wandon jins na san yana jan hankali saboda ƙarfinsa, sai dai bargon jins in ya jiƙe mace ɗaya ba ta iya matse shi, ga danne ƙirjin tsoho da dare. Jins ki bar shi don shimfiɗar ƙasa da yara za su zauna a kai, kuma ki canza allura zuwa lamba 16, don lamba 14 da ke isar atamfa da riguna karyewa za ta yi.

A tsakiya ki sa tsohon bargo marar kauri ko zanin gado mai gashi-gashi, duka ana samunsu a bosho kafin sanyi ya sa su tsada, wato tun watan Oktoba. In babu, tsofaffin zannuwanki biyu ko uku a jere sun isa. Matan Bangaladash da tsofaffin zannuwansu suke yin irin wannan, suna kiran sa kantha, da ɗinkin hannu kawai. Kada ki sa soso, marmashewa yake yi, kada kuma ki sa auduga sako-sako, wankin farko za ta taru a kusurwa. Ki shimfiɗa hawa ukun a tabarma, ki riƙe su da manyan taku na hannu daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki bi da ɗinki layi-layi, tazarar yatsa huɗu. Kalmasa ki yi ta da shafin: ki bar shi ya fi fuskar da santimita huɗu ta kowane gefe, ki naɗo shi sau biyu ki danne.

Tun da za ki shiga kasuwar, ki duba rigunan sanyi na saƙa, don na ji kin ce kina taɓa kwarashi. Ki juya cikin rigar ki kalli gefen. In an saƙa kowane ɓangare daban aka haɗa da zare kamar sarƙa, za ta warware ta ba ki dogon zare. In kuwa an yanke gefen aka bi shi da ɗinkin inji, guntu-guntu za ki samu, ki bar ta. Wanda kika warware ki naɗa shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi, ki rataye a inuwa har lanƙwasar ta saki. Rigar babba ɗaya za ta yi wa yaran biyu hula da safa.