Motar zagaya gari a Mumbai: direba nagari, ɗan rakiya mai neman la'ada

Da an tambaye ni kafin azahar, taurari biyar zan ba kamfanin yawon buɗe idon nan ba tare da na tsaya tunani ba. Hajiyarmu na rako aka yi mata aikin ido, da likita ya sallame ta sai ta ce tunda Allah ya dawo mata da gani, ba za ta koma Kano ba ta ga garin ba. Ma'aikacin masaukinmu ne ya haɗa ni da su. Suka turo mota mai sanyi, da direba dattijo, da wani saurayi ɗan rakiya wanda bakinsa ba ya hutawa.

Da safe kam ba laifi. Mun fara da Gateway of India, ƙofar dutsen nan ta bakin teku da aka kammala a 1924 don tunawa da zuwan Sarkin Ingila George na biyar a 1911, kuma ta nan rukunin ƙarshe na sojan Ingila suka fice a 1948. Otal ɗin Taj da aka kai wa hari a 2008 yana daura da ita. Muka bi ta gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Chhatrapati Shivaji, muka tsaya kan gadar Mahalaxmi muna leƙen Dhobi Ghat, inda maza ke wankau a kwamin siminti layi-layi, shanya iya ganinka. Nan Hajiya ta fi daɗewa, tana ta mamakin yadda kayan wani ba ya shiga na wani. Na lura babu a-daidaita-sahu ko ɗaya a wannan ɓangaren, direba ya ce an hana su shiga kudancin gari, sai an kai wajen unguwar Bandra ake ganinsu.

To amma ba don waɗannan na biya kuɗina ba. Tun a waya, da kuma a rubuce ta WhatsApp, na gaya musu abin da Hajiya ta fi so shi ne ziyarar Haji Ali. Masallaci ne da kabarin waliyyi a kan ɗan tsibiri cikin teku, ba a isa sai ta wata siririyar hanya da ƙafa, kuma idan ruwa ya cika, musamman da damina, rufe ƙofar ake yi. Lokacin cika da janyewar ruwan ba ɓoyayye ba ne, duk ɗan garin ya san inda zai duba. A gabana direban ya ce wa yaron mu wuce can kai tsaye, tunda daga Mahalaxmi ba nisa. Yaron ya kaɗa kai ya ce ba matsala, akwai lokaci.

Maimakon haka sai ya juya da mu baya zuwa unguwar Colaba, wai akwai shagon gyale da dardumar Kashmir da "ba a zuwa Mumbai ba a gani ba". Aka zaunar da mu, aka kawo shayi, aka dinga warware darduma ana shimfiɗawa a gaban tsohuwa. Kunya ta sa ta sayi gyale biyu. Muna fita ya ce saura mai turare, nan kusa. Na ce a'a, ya ce minti biyar. Ina kallonsa ya koma cikin shagon farko ya fito yana gyara aljihu. Kafin mu kuɓuta daga cunkoso mu isa Haji Ali, ƙofa a rufe, 'yan sanda a tsaye, igiyar ruwa tana dukan hanyar tana tsallakewa. Ga kubba da hasumiya farare muna hange, ba damar zuwa. Hajiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Allah bai nufa ba, mu je." Wallahi da ta zage shi da ya fi mini sauƙi.

Na ce mu jira ruwa ya janye, sai yaron ya ce lokacin motar ya kusa cika, duk awar da ta ƙaru sai na biya. Awannin da ya ƙone a shaguna fa? Shiru.

Direban ne ya ɗan wanke su. Bayan yaron ya sauka, da kansa ya kai mu titin Mohammed Ali muka yi magariba a masallacin Minara, ya nuna mana inda za mu ci nama ba tare da zullumin yanka ba, bai nemi ƙarin ko rupi ɗaya ba. Saboda shi na yi niyyar barin taurari uku. Sai dai da na rubuta wa kamfanin ƙorafi, amsar da suka turo ita ce za su yi mini rangwame idan na sake zuwa, kamar Mumbai Zariya ce da zan hau mota gobe. Ko haƙuri ba su ba Hajiya ba. Biyu na ba su, kuma duka biyun na direba ne.