Gargaɗi ga matan gida: a kula da mai "gyaran" maikirowef da ke bi gida-gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Abin da ya same ni ne nake so in faɗa muku, don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa.

Watan jiya maikirowef ɗina ya ɗauke ɗif: ba fitilar ciki, ba lambobi a fuskarsa, ko ƙara ba ya yi. Kwana biyu bayan haka sai ga wani matashi yana sallama a layinmu, da jakar kayan aiki a kafaɗa, wai yana gyaran firji da abin markaɗe da maikirowef. Ya kwance bayansa, ya leƙa bai fi minti ɗaya ba, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, magnetiron ne ya ƙone, sai an sa sabo." Magnetiron shi ne abin da ke sa abinci ya yi zafi a cikin na'urar. Matashin ya karɓi naira dubu 18, ya ɗora maikirowef ɗin a babur ya tafi. Washegari ya dawo da shi yana aiki, har godiya na yi masa na ƙara masa na mai.

Murnar ba ta kai mako ba. Tuwon da a da minti biyu ke isarsa, sai ya yi biyar tsakiyarsa na nan da sanyi. Rannan kuma ƙaurin roba ya cika kicin. Maigida ya kai shi wurin wani dattijon mai gyara da ke da shago, ya buɗe a gabansa. Magnetiron ɗin da ke ciki duk tsatsa, tsoho ne tukuf. Namu mai lafiya an cire. Fis ɗin da ya ƙone kuwa ba a canza ba, 'yar waya aka nannaɗe shi da ita. Sannan an haɗe wayoyin ɗaya daga cikin makunnan ƙofa. Dattijon ya ce asalin matsalar wannan makunnin ne ya lalace ya kashe fis, gyaran da bai taka kara ya karya ba.

Wallahi kuɗin ba su ƙona min rai kamar wayar nan ba. Fis shi ne ke yanke wuta idan wani abu ya haɗu a ciki. In aka sa waya a madadinsa, sai dai gobara. Makunnan ƙofa kuma su ne ke hana na'urar aiki in ƙofa na buɗe. Yarana ke ɗumama abinci da shi in sun dawo daga Islamiyya.

Ga abin da dattijon ya koya mana, da na san shi da ban ba da ko sisi ba. Idan maikirowef ya mutu gaba ɗaya, a fara duba soket da filogi, sai fis da makunnin ƙofa. Magnetiron idan ya mutu, fitila na kamawa, faranti na juyawa, zafi ne kawai babu, kuma ko a nan ma yana iya zama dayod ko kafasita, wato kayan da ke ba magnetiron ɗin wuta. Idan tartsatsi yake yi a ciki, sau da yawa ɗan falankin nan mai kama da kwali da ke bangon ciki ne maiƙo ya ƙona, musanya shi ake yi.

Amma don Allah kada wata ta ce za ta kwance da kanta ko ta sa yaro. Kafasitan ciki na ɗaukar wuta wajen bolt 2,000, kuma yana iya riƙe ta ko an zare filogi. Kisa yake yi.

In za a gyara, a kai wa mai shagon da aka sani, a tsaya a kai. A ɗauki hoton ciki da waya da zarar ya buɗe, a ce ya ba da tsohon abin da ya cire. Kafin a biya, a sa kofin ruwa minti biyu a ga ko ya yi zafi sosai, a kuma buɗe ƙofa yana cikin aiki a tabbatar ya tsaya nan take.

Lambar wayar da matashin nan ya ba ni a kashe take har yau. Jiya maƙwabciyata ke gaya min ita ma ya tafi da nata tun makon jiya, bai dawo ba.