Fentinsu ya yi kyau, amma Fijon Baba ba da kayan cikinta ta dawo ba

Ba zan kama sunan garejin ba, don har yanzu akwai dattawa a tsakaninmu. Yana ɓangaren Sabon Garin Zariya, kuma da bakin mutane na san shi: aka ce in dai tsohuwar mota ce, can ake farfaɗo da ita.

Motar Peugeot 504 ce, ruwan madara, Baba ya saye ta sabuwa fil a 1982 da rancen mota na ma'aikata. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN na Kakuri da ya fara aiki a 1975. Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, ta shekara shida a kan bulo a gidanmu na Tudun Wada, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. 'Yan gwangwan sun yi sallama ba sau ɗaya ba, mahaifiyarmu Hajiya ta ce sai dai bayan ranta. Da aka sa ranar auren autarmu, sai ta ce a cikin motar nan take so a kai amarya, kamar yadda aka kai yayyenta. Shi ya sa na sa aka ja ta zuwa gareji mako guda bayan ƙaramar Salla, biki kuma sai bayan babbar Salla.

Maigarejin mutum ne mai daɗin baki. Ya zagaya motar yana shafa ta kamar dokin hawan daushe, ya ce, "Alhaji, irin wannan ai ba a ƙera ta yanzu. Ba ni sati shida." Muka yi ciniki a kan N650,000, inji da bodi da fenti, na tura N400,000 kafin alƙalami. Asusun da ya ba ni ba sunansa ba ne, wai na ƙaninsa ne. Ban nemi rasit ba. Na ji nauyin in ce wa mutumin da muka yi sallar la'asar a sahu ɗaya ya rubuta mini takarda.

Gaskiya ɗaya ce, mai bugun bodinsu gwani ne. Ƙasan ƙofofin nan da tsatsa ta cinye ya yanke ya yi musu walda, ko da yatsa ka bi ba za ka ji mahaɗa ba. Fentin ma ya zauna, launin ya fito daidai da na asali. In maki ake bayarwa a kan wannan kaɗai, tara cikin goma zan ba su.

Daga nan sai waya ta fara. "Alhaji, mun sauke inji, ringi da metal sun tafi." Na tura. Bayan kwana goma, kurankshaf sai an kai Kaduna an yanka. Na tura. Sai kuɗin zuwa kasuwar Panteka ta Kaduna neman kaya, har sau uku. Biki ya zo ya wuce, a motar maƙwabci aka kai amarya. Ranar da na zauna na tara alat ɗin da ke wayata, N1,120,000 na gani, mota kuma ta shiga wata na bakwai.

Akwai wata Asabar da na je ban yi waya ba. Na tarar da ita a ƙarƙashin darbejiya, an jefa mata tsohon tamfol, wani yaron gareji yana barci a kujerar baya da ƙafafunsa cike da baƙin mai a kan kushin. Gabanta kuma ba zakin nan na tambarin Fijo, sai gurbinsa. Na tashe shi na ce, "Kai, ina zakin?" Ya murza ido ya ce Oga ya cire ya ajiye, kada a sace. A lokacin har daɗi na ji, na ce mutumin nan yana da lura.

Ranar da na karɓe ta na nufi Samaru in gwada. Ban sauka gadar Kwangila ba allurar zafi ta kwanta, tururi ya turnuƙe. Washegari na ɗauko wani dattijon bakanike da ya riƙa duba wa Baba ita shekaru da yawa, yanzu ya ajiye sana'a. Ya buɗe bonet ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ƙwanƙwasa lagireto da farce, ya saurara, ya ce, "Ɗana, wannan ba na Malam ba ne. Nasa na tagulla ne, da hannuna na wanke shi." Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kafiretar Solex ta asali babu, an sa wata da aka ɗaure bututunta da waya. Sitata da altaneta duk baƙi ne. Ya sunkuya ya goge lambar inji da tsumma, muka gwada da takardu, ta yi daidai. A nan na gane dabarar: duk abin da ke da lamba a takarda ya bar shi, wanda ba shi da lamba kuwa ya yi gaba.

Dattijon ya ce ba sabon abu ba ne. Tun da aka daina haɗa 504 a Kaduna wajen 2006, kayanta na asali sai ƙara wuya suke, masu nemansu kuma ba su ƙare ba. Gareji irin wannan adashe yake yi da kayan mutane: a cire na motarka a tayar da ta wani a caje shi kuɗin sabo, in ka matsa a cire na wanda ya zo bayanka.

Na fara da 'yan sanda. Jami'in da na samu ya saurare ni tsaf, ya ce kuɗin aikin da ka biya da yardarka maganar yarjejeniya ce, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Musanya kaya kam cin amana ne, laifi ne, amma ina shaidar cewa da kayan motar ta shiga garejin? Ko hoto ɗaya na cikin bonet ba ni da shi. Lauya ya ƙara mini da wani abin da ya fi ci mini rai. Ya ce ko na yi nasara, kotu kuɗin kayan a kasuwa za ta duba, lagireto mai shekara arba'in da ɗoriya kuma nawa za a yi masa kuɗi? Cewa Baba ne ya saya ba ya shiga lissafi. Kuɗin lauyan da na zirga-zirga za su iya haɗiye abin da za a ba ni. Hukumar kare masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi ta intanet, amma da na zo wajen haɗa takardu ba ni da komai sai alat zuwa asusun mutumin da ban taɓa gani ba.

Kawu, wanda ya yi karatun zaure a cikin birni, ya ce in je kotun shari'a, don a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗa cewa masu sana'a su ke da lamunin abin da aka damƙa musu. Amma shi da kansa ya ƙarasa: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Shaidata mutum ɗaya ne, rabonsa da ganin cikin motar shekara tara. Maigarejin kuwa tun kafin a tambaye shi ya ce a kawo Alƙur'ani.

Wanda duk zai kai musu mota duk da haka, don aikin bodi, ya ɗauki hoton kowane ƙarfe a gaban maigarejin, ya ɗiga wa manyan kaya fenti a inda ba a gani, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ya kuma ce duk abin da aka cire a zuba masa a but. Kuɗi kada ya wuce asusu mai sunan wanda aka yi ciniki da shi. Inji dai ban ba da shawarar a bar musu shi ko na kwana ɗaya ba.

A ƙarshe wajen shugabannin ƙungiyar makanikai na yankin muka zauna, a kan benci, ana ta ba ni haƙuri kamar ni na yi laifin. Ana cikin zaman sai ga kafireta, wai an tsince ta a sito. Aka yanke zai mayar mini da N100,000 kashi huɗu. Kashi ɗaya na gani, wata uku ke nan.

Zakin ma ya dawo, an manna shi a gurbinsa. Ban gaya wa Hajiya komai ba. Ranar da na shigo da motar gida ta fito da carbinta ta zagaya ta, ta yaba fentin, sannan ta tsaya a gaba ta sa yatsa a kan zakin. Na Baba yana da ƙarcen ƙusa a gindin wutsiya, Yaya ne ya yi shi yana ɗan shekara biyar, har ya sha bulala. Ta shafa wurin sau biyu, ta dube ni, ta ce in rufe motar kada ƙura ta ɓata fentin, ta koma ɗaki.